Yadda Ake Zane da Fenti a Fili Kafin Haske Ya Sauya

Mai zanen da ya saba aiki a ɗaki yana kwaikwayon hoton da ke cikin waya yakan sha wuya ranar da ya fara fita da takarda ya zauna gaban abu na zahiri. Dalili kuwa shi ne hoton waya ya riga ya yanke masa hukunci a kan komai, domin ya tsayar da mai tafiya, ya tsayar da inuwa, ya kuma yanke gefe da gefe ya bar masa abin da zai kwafa. A fili babu abin da yake jiran kowa. Rana tana tafiya, inuwa tana bin ta, mai baro yana wucewa, kuma abin da ido yake gani ya ninka abin da takarda za ta iya ɗauka sau ɗari. Don haka babban abin da wannan aiki yake koya wa mutum shi ne zaɓe cikin hanzari, wato ya san abin da zai ɗauka, da abin da zai bari, da wanda zai fara sawa a takarda kafin ya kuɓuce masa.

Al'adar fita waje da fenti ta yi ƙarfi ne a Turai a ƙarni na 19. A shekarun 1821 da 1822 John Constable na Ingila ya riƙa zama a tudun Hampstead yana zana gajimare, yana rubuta kwanan wata da lokaci da inda iska take kaɗawa a bayan takardar. A 1841 wani mai zane ɗan Amurka, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun kuza da ake matso fenti daga cikinsa, alhali kafin nan a mafitsarar dabba ake ɗaure fentin mai, wanda hakan ya sa ɗaukarsa zuwa daji yake da wahala. Wannan ɗan bututu ya sauƙaƙa wa su Claude Monet a Faransa yin aiki gaban abin da suke zanawa. Abin da ke biye shi ne yadda mutum zai yi irin wannan aiki a ƙarƙashin ranarmu da ƙurarmu, waɗanda suke da nasu sharuɗɗan.

Kayan da za ka ɗauka

Ka rage kaya gwargwadon iyawarka, domin jakar da ta yi nauyi ita ce take hana mutum fita. Littafin zane mai girman A5, wato rabin takardar fotokofi, ya isa, kuma ya fi kyau ya kasance mai bango mai ƙarfi yadda za ka iya riƙe shi a hannu kana tsaye. Ka haɗa da fensir biyu, HB don layukan farko da 4B don duhu, da reza ta fiƙe su, da biro baƙi. Kilina ba dole ba ce, kuma a ganina barin ta a gida ya fi amfani a makonnin farko, saboda wanda yake da ita a hannu yakan ɓata rabin lokacinsa yana goge layin da ya kamata ya bari ya ja wani a gefensa.

Idan za ka sa launi, fentin ruwa ne ya fi dacewa da mai farawa. Fentin mai yana daɗewa bai bushe ba, kuma duk ƙurar da iska ta kwaso a jikinsa za ta manne. Fentin ruwa yana son takarda mai kauri, wadda aka rubuta gram 300 a jikin kunshinta, domin siririyar takarda tana kumbura ta lanƙwashe da zarar ta jiƙe. Sai buroshi guda mai tsini, lamba 8 ko 10, da 'yar roba ta ruwa, da tsumma, da falanki ƙarami, da salatif na takarda don manne gefuna. Launi huɗu sun wadatar: shuɗi irin na bula, da jar ƙasa, da rawaya mai kama da yashi, da rawaya mai haske irin ta lemon tsami. Ƙara da ja guda idan wurin da za ka yana da tufafi masu launi. Kada ka manta da malafa da ruwan sha.

Abu na ƙarshe shi ne ɗan kwali mai girman tafin hannu, wanda ka yanke wa taga mai kusurwa huɗu a tsakiya, tsawonta da faɗinta a kan ma'aunin takardarka. Amfaninsa zai zo nan gaba.

Lokaci da wuri

Garuruwanmu suna kusa da tsakiyar duniya, Kano tana wajen digiri 12 a arewa, saboda haka da tsakar rana hasken yakan sauko ne kusan daga saman kai. A wannan lokaci inuwa takan maƙale a gindin abu, bango yakan rasa ɓangaren haske da na duhu, komai ya yi fari fat. Lokacin aiki shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa gab da magariba, sa'ad da hasken yake zuwa daga gefe yana fito da surar gini da ta bishiya. Sai dai ka sani cewa na yamma gajere ne, domin a nan duhu ba ya jinkiri bayan faɗuwar rana.

Rana tana gusawa da kimanin digiri 15 a kowace awa. Ma'anar wannan ga mai zane ita ce abin da ya gani da ƙarfe bakwai ba shi ne a gabansa da ƙarfe tara ba, ko da bai motsa daga inda yake ba. Monet, sa'ad da yake zana tarin hatsi a gonakin Giverny a 1890 da 1891, yakan ajiye zanen da yake yi ya ɗauki wani da zarar haske ya sauya, ya bar na farkon sai irin wannan lokaci ya sake zagayowa. Kai ba sai ka kai nan ba, amma ka ɗaure wa kanka iyaka: minti 45 zuwa awa guda da rabi ga zane mai launi, idan lokacin ya cika ka tsaya.

Ka nemi inuwa ka zauna, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne takardar ta kasance cikin inuwar. Farar takarda a cikin rana tana kashe ido, tana sa ka ga launukanka sun fi yadda suke haske, sai ka yi ta ƙara musu duhu, ka koma gida ka tarar da zanen ya yi baƙi. Gindin darbejiya yana da daɗin zama, amma inuwarta mai ɗigo-ɗigo ce da take yawo a kan takarda, don haka inuwar katanga ko ta rumfa ta fi ta.

Sallama kafin fensir

Kada ka buɗe littafi a ƙofar gidan mutane ko gaban rumfar wani ba tare da ka yi sallama ka faɗi abin da ya kawo ka ba. A kasuwa ka gaisa da mai rumfar da za ka zauna kusa da ita, a unguwa ka gaisa da dattawan da ke zaune, idan za ka daɗe kana zuwa ka sanar da mai unguwa. Nuna musu shafukan da ka riga ka zana yana kawar da zargi fiye da dogon bayani. Kada ka zana fuskar kowa yadda za a gane shi sai da yardarsa, musamman mata, kuma ka nisanci barikin soja da ofishin 'yan sanda da shingen bincike. Akwai kuma masu ƙaurace wa zana abu mai rai saboda abin da suka karanta a wurin malamansu. Wanda yake kan wannan fahimta bai rasa abin yi ba, domin gini da bishiya da dutse da sararin sama sun ishi mutum aikin shekaru, kuma duk matakan da ke tafe suna aiki a kansu, ban da na mutane da dabbobi.

Zaɓen abin da zai shiga takarda

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: tsohon zaure na ƙasa a wani lungu na cikin birni, mai zankwaye a samansa da indararo a gefe, da bishiya a bayansa, da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe.

Ka yi minti biyar kana kallo ba ka taɓa fensir ba. Sannan ka ɗaga kwalin nan mai taga, ka rufe ido ɗaya, ka riƙa matsar da shi kusa da nesa, dama da hagu, har ka ga yankin da ya gamsar da kai. Ka tambayi kanka abin da ya tsayar da kai a wannan wuri, kuma amsar ta zama abu ɗaya tak, misali duhun bakin zauren a jikin bango mai haske. Wannan shi ne kan zanen, sauran abubuwa masu yi masa hidima ne, kuma wayar lantarki ko allon talla da ba su ƙara masa komai ba kana da ikon barin su. Kada ka ajiye kan zanen a tsakiyar takarda daidai; ka ɗan gusar da shi gefe, wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗinta.

Daga nan ka zana 'yan akwatuna biyu ko uku a kusurwar shafi, kowanne bai wuce girman kwalin ashana ba, ka gwada tsarin a cikinsu, minti guda ga kowanne. Ba a sa ƙofa ko ado a nan, fari da toka-toka da baƙi kawai ake rabawa. Masu farawa sukan tsallake wannan mataki don ganin ɓata lokaci ne, alhali shi ne yake hana mutum gano bayan rabin awa cewa zankon ba shi da wurin shiga a takarda.

Layin ido da awo

Ka miƙa fensir a kwance daidai da idanunka, ka lura da inda ya ratsa jikin ginin, ka ja wannan layi a takarda da sauƙin hannu. Shi ne layin ido, kuma dukkan tsarin zanen a kansa yake rataye. Duk gefen bango da yake nisantarka, idan yana sama da wannan layi gangarowa yake yi zuwa gare shi, idan yana ƙasa da shi hawa yake yi. Kwanya takan ƙi yarda da haka, domin ta san cewa saman katanga a miƙe yake, shi ya sa ake aunawa maimakon a dogara da sani.

Yadda ake awon shi ne ka miƙe hannunka gaba ɗaya ba tare da lanƙwasa gwiwar hannu ba, ka rufe ido ɗaya, ka daidaita kan fensir da saman ƙofar zauren, ka sa babban yatsa inda ƙasanta ya tsaya. Wannan tsawo ya zama ma'auninka. Sai ka duba sau nawa ya shiga tsayin bangon, sau nawa ya shiga faɗinsa, ka mayar da wannan lissafi takarda. Don gane karkatar layi kuwa, ka jingina fensirin a iska a kan gefen da kake dubawa, ka sauko da shi kan takarda ba tare da ka juya wuyan hannu ba. Ginin ƙasa yana bukatar wannan kulawa fiye da na siminti, saboda bangonsa yana da kauri a gindi yana sirancewa yayin da yake hawa, kusurwoyinsa kuma ruwan damina da hannun masu yaɓe sun dulmuƙe su. Wanda ya dubi hasumiyar Gobarau a Katsina, ko ta babban masallacin Agadas mai tsayin mita 27 da itatuwa suka fito a jikinta, zai ga wannan sirancewa a fili. Idan ka ja irin wannan gini da layuka miƙaƙƙu kamar da rula, ka zana wani gini dabam.

Ka fara da manyan surori: bangon gaba ɗaya, kan bishiyar a dunƙule, shimfiɗar ƙasa. Ado irin dagi da ke saman ƙofa shi ne na ƙarshe, idan lokaci ya rage.

Inuwa

Wannan ne matakin da na fi so mai karatu ya riƙe. Da zarar manyan surori sun zauna, kafin komai, ka zana iyakar kowace inuwa kamar yadda take a wannan minti: wadda zanko ya jefa, da siririyar da ke ƙarƙashin indararo, da wadda bishiya ta shimfiɗa a ƙasa. Tun ran gini tun ran zane. Bayan haka kada ka sake bin ta, ko da ka ɗago kai ka ga ta matsa. Mai bin inuwa yakan ƙare da zanen da gefensa ɗaya safiya ce, ɗayan kuma hantsi, kuma mai kallo zai ji wani abu bai daidaita ba ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Don ka ga haske da duhu yadda suke, ka runtse idanu har gashin ido ya kusa haɗuwa. Ƙananan abubuwa za su ɓace, wurin ya rabu kashi uku: mai haske, matsakaici, da mai duhu. Ka nemo wuri mafi duhu, wanda a misalinmu cikin zauren ne, da wuri mafi haske, ka auna sauran a tsakaninsu. Ka kuma lura cewa inuwa a ƙasarmu ba baƙa ba ce. Yashi da jar ƙasa suna mayar da haske sama, shi ya sa gindin bangon da ke cikin inuwa yakan ɗauki ɗumi da ja-ja, samansa kuma da yake fuskantar sararin sama ya ɗauki shuɗi-shuɗi. Kyamarar waya takan haɗiye wannan bambanci, kuma ganinsa na daga cikin dalilan fitowa waje.

Sa launi

A fentin ruwa daga haske ake tafiya zuwa duhu, kuma farin takarda shi ne farinka, don haka duk inda kake son fari, kamar rigar wani ko hasken kwanon rufi, ka kewaye shi ka bar shi. Ka dama launi mai yawa tun kafin ka taɓa takarda, ka ɗan karkata falankin, ka fara da sama kana saukowa, buroshi cike da ruwa. Sararin sama ya fi shuɗi a can bisa, yana kodewa yayin da ya kusanci ƙasa. Sai bango, da rawayar yashi da aka ɗiga wa jar ƙasa. Ka bari ya bushe sarai. Sannan ka haɗa shuɗin bula da jar ƙasa, wanda yake ba da toka-toka mai rai da ta fi baƙin fenti kyau nesa ba kusa ba, ka shimfiɗa inuwar a bugu ɗaya, kada ka koma kana shafawa. Koren ganye kuwa ka haɗa shi da kanka daga shuɗi da rawaya, ka karya shi da ɗan ja, domin koren da ake sayarwa ya fi na bishiyoyinmu tsawa. Ka tuna fentin ruwa yakan kode idan ya bushe, saboda haka ka sa shi ya ɗan fi yadda kake so ƙarfi.

Yanayin shekara yana sauya wannan aiki ƙwarai. Da hunturu iska a bushe take, fenti yana bushewa kafin ka kai ƙarshen takarda, ya bar tabo a tsakiyar sama. Maganinsa shi ne ƙaramar takarda, da ƙarin ruwa, da jiƙa wurin da ruwa zalla kafin ka sa launi. Hazo kuma yana yi wa mai zane gata, domin yana raba nesa da kusa a fili: wanda ya hau Dutsen Dala da safiyar hunturu zai ga gidajen da ke ƙarƙashinsa da launinsu, na bayansu sun kode, na can nesa sun narke cikin fari. Haka za ka sa su, kana ƙara ruwa kana rage bayani yayin da abu yake nisa. Da damina kuwa takarda takan daɗe a jiƙe, sai ka yi haƙuri tsakanin shafa launi ɗaya da shafa na gaba, ko ka riƙa aiki a kan zane biyu. Hadari ba ya ba da fiye da 'yan mintoci, don haka ka kama surarsa da fensir, ka rubuta launukan da kalmomi a gefe. Ka dubi kowace bishiya da lokacinta: kuka tana tsirara da rani, gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ya yi kore sa'ad da sauran suka bushe.

Mutane da dabbobi

Mai tafiya yana ba ka daƙiƙa goma ne ko ƙasa da haka, saboda haka a nan biro ya fi fensir, domin yana hana ka komawa baya. Ka kalli mutumin fiye da yadda kake kallon takarda. Layin farko shi ne na karkatar jiki daga wuya zuwa ƙafar da nauyi yake kanta, sannan dunƙulen tufafi, sannan kai, wanda ya kamata ya zama ƙarami, domin tsayin babban mutum yakan kai kansa bakwai zuwa bakwai da rabi, kuma kusan kowane mai farawa yana girmama kai fiye da kima. Babbar riga da hijabi suna sauƙaƙa aikin, tunda sura guda ce mai faɗi, sai ka kama inda iska ko tafiya ta ja ta. Fuska ba a bukatarta daga nesa.

Ga wata ƙa'ida da take daidaita taron jama'a: idan kana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, kawunan manya da ke tsaye, na kusa da na nesa, duk a kan layin idonka suke, ƙafafunsu ne suke hawa sama a takarda yayin da suke nisa. Idan kana zaune a ƙasa-ƙasa, layin zai ratsa su ne wajen ƙugu.

Ka fara da masu aikin da yake maimaita kansa. Marini a Ƙofar Mata yana tsoma yadi ya ɗago, ya sake tsomawa, mai faskare yana ɗaga gatari ya sauke, don haka yanayin da ya wuce maka zai dawo, sai ka jira shi ka ƙarasa. A kara kuwa shanu da raƙuma sukan daɗe a tsaye. Ka buɗe zane uku ko huɗu a shafi guda, idan saniya ta juya ka koma kan wani, idan ta dawo ka ci gaba. Wanda ya tashi ya tafi ka bar zanensa a rabi, ko ka ara masa ƙafafun wanda ya zo bayansa. Shafi guda cike da irin waɗannan a cikin minti 15, kullum, ya fi zaman awa uku sau ɗaya a wata amfani ga hannu.

Kafin ka tashi da bayan ka koma

Ka tsaya tun kana jin akwai sauran abin ƙarawa, domin yawancin zanen fili a mintoci goma na ƙarshe ake lalata su. Ka jingina shi ka ja da baya taku biyar ka duba. Idan kan zanen ya fito, an gama. Ka rubuta wuri da kwanan wata da lokaci da yanayin gari a gefe, ka kwashe tsummanka, kada ka zubar da ruwan fenti a ƙofar mutane, ka nuna wa mai rumfa abin da ka yi ka yi masa godiya. Idan da gawayi ko fensir mai laushi ka yi aiki, ka sa farar takarda tsakanin shafuka don kada ya goge.

A gida kada ka gyara zanen, domin abin da za ka ƙara daga tunani zai kashe abin da ka gani da ido. Idan kana son babban aiki, ka ɗauki sabuwar takarda ka gina shi daga wannan. Bayan kwana biyu ka sake duba shi ka rubuta abu ɗaya da ya gaza, ko awo ne, ko inuwar ba ta yi duhu sosai ba, ka sa wannan ya zama abin da za ka kula da shi a fita ta gaba. Sannan ka koma zauren nan a daidai wannan lokaci, daga baya ka je masa da la'asar, ka sake zuwa idan damina ta sauka bangon ya jiƙe ya yi duhu, ka jera zanukan a ƙasa gefe da gefe ka kwatanta inuwar zanko a kowannensu.